Takabar Ramatulaye da mutuwar da ba a yi wa zaman makoki ba

Ranar da aka yi sadakar bakwai ta mijin gwaggona, bayan la'asar aka naɗe tabarmin ƙofar gida, masu rumfa suka zo suka kwance rumfarsu, aka loda kujerun roba a bayan a-kori-kura. Kafin magariba, gidan da aka yi mako guda ba ka samun inda za ka ajiye takalmi ya yi tsit, har kana jin ɗigar famfo a tsakar gida. Kuloli uku da ba a san masu su ba suna jingine a bakin madafa. Ni aka bari in riƙa kwana da ita. Tana zaune a kan darduma, hijabi har ƙasa, ba kwalli, ba turare, carbi a hannu amma ba ta ja. Da na ce mata, "Gwaggo, ya ƙarin haƙuri?" sai ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ai yau aka yi mutuwar."

A daren na ciro wani ɗan siririn littafi daga jakata, wanda bai kai shafi 100 ba: So Long a Letter, na Mariama Ba, 'yar ƙasar Senegal. Da Faransanci ta rubuta shi, ya fito a Dakar a 1979 da sunan Une si longue lettre, wato wasiƙa mai tsawon gaske. A 1980 ya ci kyautar Noma, wadda ake ba littattafan da aka buga a Afirka, shi ne ma littafin farko da aka taɓa ba wannan kyauta. A 1981 Modupe Bode-Thomas ta mayar da shi Turanci, kuma a watan Agustan shekarar marubuciyar ta rasu tana da shekara 52, littafinta na biyu bai riga ya fito ba.

Tun ina sakandare na karanta shi, kuma kamar yawancin 'yan ajinmu, labarin kishiya na ɗauke shi. Musun da muke yi bai wuce guda ba: wa ta yi daidai, Aisatu da ta tattara 'ya'yanta ta fita da aka yi mata kishiya, ko Ramatulaye da ta zauna? Har yau idan aka tayar da zancen littafin, nan ake dosa. A ɗakin gwaggo na gane cewa mun bar jaki muna dukan taiki. Littafin takaba ne tun daga shafin farko har na ƙarshe, kuma abin da yake tonowa shi ne yadda jama'a suke da tsari cikakke na tarbar mutuwa, da ranakunta da abincinta da kalmominta, amma ba su da ko kalma ɗaya ga rashin da bai zo da gawa ba.

Ga yadda labarin yake. Ramatulaye malamar makaranta ce a Dakar, uwar 'ya'ya 12. Mijinta Modu Fal ya karanto shari'a a Faransa, ya yi aiki da ƙungiyoyin ƙwadago, ya zama babban ma'aikacin gwamnati. Ciwon zuciya ya kayar da shi a ofis yana cikin aiki, amininsa likita Maudo Ba ya yi iya ƙoƙarinsa, rai ya yi halinsa. Daga nan ta ɗauki littafin rubutu ta fara wasiƙa zuwa ga ƙawarta ta ƙuruciya, Aisatu, wadda ke aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka. Wasiƙar ita ce littafin gaba ɗaya. Sunayen ma ba baƙi ba ne a kunnenmu: Ramatu ce da A'isha da Binta da Dauda, harshen Wolof da rubutun Faransa ne suka sauya musu riga.

A wurina labarin ƙaramar al'umma ne. Wani zai ce ai Dakar babban birni ne, ina ƙaramar al'umma a nan? Sai ya ƙirga mutanen da ke cikin labarin. Likitan da ya rufe wa Modu ido shi ne tsohon mijin Aisatu. Yarinyar da Modu ya aura, Binetu, ƙawar 'yarsa Daba ce, ajinsu ɗaya, a gidan take zuwa su yi bitar jarabawa, Ramatulaye na zuba mata abinci. Maroƙiyar unguwa, Farmata, mai zuba wuri tana duba, tun suna yara ta san Ramatulaye. Maza ukun da suka zo ranar wata Lahadi suka sanar da ita an ɗaura wa mijinta aure, wato limamin unguwa da Maudo da wan mijin, Tamsir, su ne dai suka dawo ɗakinta ranar arba'in. Duk girman birni, duniyar mai takaba ba ta wuce faɗin unguwa ba. Wanda ya ɓata maka shi zai zo gaishe ka, kuma dole ka amsa. Abin da ke sa baƙin ciki a ƙaramin wuri ya bambanta ke nan: ba ka da inda za ka kai shi wanda ba a san asalinsa ba, kuma kowa yana ganin yana da haƙƙin faɗa maka yadda za ka ɗauke shi.

Shafukan farko kan zaman makoki suke, kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan mutuwa a ƙasar Hausa zai ji kamar gidansu ake ba da labari. Mazhabarmu ɗaya da mutanen Senegal, Malikiyya, shi ya sa ƙashin bayan abin iri ɗaya ne: farin ƙyalle mita 7 na likkafani, ruwan zamzam da aka tanada, karatun Alƙur'ani da dattawa ke yi, wata 4 da kwana 10 da aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ɗora wa matar mamaci. Bambancin kaɗan ne. Mu muna da uku da bakwai da arba'in, su suna da uku da takwas da arba'in. Mu gumba da waina, su kunun gero mai kauri da ake kwarara wa nono, da shinkafa da kifi, da goro. Malamai a nan sun daɗe suna saɓani a kan waɗannan ranaku, wasu na ganinsu bidi'a, wasu na ganinsu sadaka ce kawai aka sa wa lokaci. Mariama Ba ba ta shiga wannan fage ba. Abin da ta sa wa ido shi ne wanda ke biyan kuɗin taron da wanda ke kwashe ribarsa.

Ramatulaye na zaune, kanta a sunkuye, an ajiye Binetu kusa da ita. Dangin miji mata suka zo suna yabo, kuma da kalmomi iri ɗaya suka yabi matar shekara 30 da matar shekara 5, mai haihuwa 12 da mai haihuwa 3. Ana miƙo kuɗin gaisuwa, ana shelanta sunan mai bayarwa da adadin, ana rubutawa, kowa na gudun a ce maƙwabcinsa ya fi shi. Ta tuna cewa a da gero ake kawowa, da shinkafa da mai da sukari da dabba, abin da zai riƙe gidan da ya rasa mai cefane. Yanzu takardun kuɗi ne, kuma bayan an gama rabo dangin miji ne ke tafiya da dami, matan mamaci su tashi hannu wayam. A tsakar gida mata na hirar zannuwan da suka shigo kasuwa da tsegumin gari, ana shewa, sai can wata murya ta namiji ta tsawatar a tuna musu dalilin taruwar, a yi shiru na ɗan lokaci, hayaniya ta dawo. A nan ta yi tambayar da ta fi kowace zafi a littafin: mamata nawa ne da sun rayu, da ɗan'uwan da ya zo da kuɗin sadaka ya zo da kuɗin magani ko na gadon asibiti tun ana jinya?

Wannan tambaya tamu ce ba sai an fassara ba. Ga kuma hadisin da kowane ɗalibi ya sani: lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya zo daga Mu'uta, Annabi (SAW) umarni ya yi a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, saboda abin da ya shagaltar da su ya same su. Abinci zuwa gidan mutuwa yake tafiya. A gidaje da yawa yau an juya ƙwaryar, masu rashi ne ke cin bashi su ciyar da masu gaisuwa.

Amma zan yi wa taron adalci, fiye ma da yadda littafin ya yi masa. Na ga abin da cikar gida ta yi wa gwaggo a kwanakin farko. Da ba don matan da suka zauna a kanta suna cewa "daure ki kurɓi ko kunu ne" ba, da ba abin da zai shiga cikinta. Da ba don "ya haƙuri" da ake ta maimaita mata sau ɗari a wuni ba, tana amsa "da godiya", da shiru ya haɗiye ta tun ranar farko. Hayaniyar da ke damun mai rashi ita ce kuma ke hana shi faɗawa rami. Ramatulaye ma ta amsa cewa karatun dattawa ya sanyaya mata zuciya, kuma ta ga fuskokin da ta yi shekaru ba ta gani ba. Matsalar taron ba zuwansa ba ce. Yana zuwa ne a ranakun da aka ƙayyade, ya watse a ranar da aka ƙayyade, ciwon kuwa bai san kalanda ba.

Yanzu ga inda littafin ya fi ƙarfi, inda muka tsallake muna yara. Mutumin da ake wa zaman makoki ya riga ya mutu a gidan Ramatulaye shekara 5 kafin zuciyarsa ta tsaya. Shekararsu 25 da aure lokacin da ya auri Binetu. Ba shi ya gaya mata ba. Da safe ya fita cikin ado ya ce kada a jira shi cin abinci, da yamma maza uku suka shigo cikin manyan riguna, liman ya yi ta kewaye-kewaye da maganar ƙaddara har ta zaci mutuwa aka zo faɗa mata. Da ta gane, ta yi murmushi, ta ba su abin sha, ta raka su ƙofa, don kada su ga abin da suka zo gani. Abin da ya ƙara wa ciwon gishiri, ta daɗe da sanin labarin wani dattijo mai kuɗi da ke saya wa Binetu tufafi, domin Daba na kawo mata hirar, har tana ba da shawara a ce wa yarinyar kada ta yarda ta bar karatu. Ba ita ba, ba Daba ba, babu wadda ta san dattijon a gidansu yake kwana.

Ta zauna. Ta shirya wa rabon kwana kamar yadda addini ya tsara, ta yarda da rabin miji. Rabin ma bai zo ba. Modu bai sake taka gidan ba, bai sake ta ba, bai kuma riƙe ta ba. Ita ke bin layin biyan kuɗin wuta da ruwa, ita ke gyaran sakata da famfo, ita ke tura 'ya'ya cikin motar haya, da dare rediyo ne abokin hirarta. Ta koyi shiga silima ita kaɗai tana jure kallon da ake yi wa mace mai shekarunta ba namiji a gefe. Duk alamomin takaba sun cika a waɗannan shekaru, sai dai babu wanda ya shimfiɗa tabarma, babu wanda ya ce "ya haƙuri", babu ranar fita. Matar da mijinta ya mutu tana da suna, tana da idda mai iyaka, tana da tumuninta. Matar da aka saki ita ma tana da suna da idda da 'yancin sake aure. Wadda aka jingine kuwa, Alƙur'ani da kansa ya ambace ta a aya ta 129 ta Suratun Nisa'i, inda ya hana a karkata gaba ɗaya a bar mace kamar abin da aka rataye. Al'umma ta san ayar, amma ba ta tanadar wa ratayayyar komai ba, ko da kwanon abinci ɗaya.

Shi ya sa hawayen Ramatulaye a zaman makoki ke da wuyar karantawa, kuma marubuciyar ba ta sauƙaƙa mana ba. Tana son mutumin har yanzu, ta faɗa da bakinta. Tana jin haushinsa. Tana yi masa addu'a tsakani da Allah, tana kiyaye dokokin takaba ɗaya bayan ɗaya, wanka da sauya tufafi ranakun Litinin da Juma'a, ba don idon mutane ba. Masu gaisuwa suna yi mata ta'aziyyar mijin da suke zaton ta rasa ranar da ya faɗi a ofis, ita kuwa tana kukan saurayin da ta zaɓa tun tana ɗaliba, wanda mahaifiyarta ta yi mata kashedi a kansa ta ƙi ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai ranar rabon gado, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dangi suka taru aka buɗe takardu. Modu bai bar ko sisi a ajiye ba, sai tarin bashi. An gano ya karɓi bashin sefa miliyan 4 a banki, da shi ya kai uwar Binetu da mijinta Makka, ya sayi motoci, kuma gidan da ya jinginar don samun bashin shi ne wanda Ramatulaye ke ciki da 'ya'yanta, gidan da suka haɗa albashinsu suka mallaka amma takarda ke ɗauke da sunansa shi kaɗai. An gano yana biyan Binetu sefa dubu 50 duk wata a matsayin ladan barin makaranta. Shari'a ta ce a biya bashi kafin a raba gado, kuma matan mamaci, ko su nawa ne, kashi ɗaya cikin takwas suke rabawa idan akwai 'ya'ya. Wato matar da ta zuba albashin shekaru a ginin gida tana iya wayar gari tana raba tumuni da wadda aka ci bashin dominta. Wannan darasi ne da ya shafi duk macen da ke aiki tana zuba kuɗinta a gidan da babu sunanta a takardarsa, a Dakar take ko a Kano ko a Maraɗi. Littafin bai yi wa'azi a nan ba, lissafi kawai ya ajiye, kuma lissafin ya isa.

Ranar arba'in, bayan an yi addu'a, Tamsir ya shigo ɗakinta da liman da Maudo. Ya ce idan ta fita takaba zai aure ta, domin ta fi dacewa da shi a kan ɗaya matar mai ƙuruciya da rawar kai. A aji mun yi tafi a wannan wuri saboda amsar da ta ba shi: ta ce shekara 30 muryarta na danne, yau za ta fito. Ta tuna masa matansa uku da ya kasa riƙewa, ɗaya na rini, ɗaya na sayar da 'ya'yan itace, ɗaya na kan keken ɗinki ba dare ba rana, shi yana zaune ana yi masa hidima. Ta ce ita ba kaya ba ce da za a miƙa daga hannu zuwa hannu.

Abin da ban lura da shi ba sai a karatu na biyu: a cikin su huɗun da ke ɗakin, ita ce ke tsaye a kan nassi. Aya ta 235 ta Baƙara, wadda ke bin ayar takaba kai tsaye, ta yarda a yi wa mai idda shaguɓe na neman aure, ta hana a ƙulla alkawari ko a yanke maganar aure kafin wa'adi ya cika, kuma malamai sun haɗu a kan haramcin fitowa fili da neman auren mai takaba. Kwana 40 kacal aka yi cikin wata 4 da kwana 10. Aya ta 19 ta Nisa'i kuma ta hana a gaji mata a kan tilas. Tamsir ya taka duka biyun, a gaban liman, kuma da Ramatulaye ta yi magana, ita liman ya ga ta yi saɓo. Masu cewa littafin nan hari ne a kan addini su koma su karanta wannan shafi. Mace ce mai sallah da carbi take kare iyakar da Allah ya shata mata daga mutanen da suka ɗauki al'ada suka sa mata rawani.

Nan ne na fahimci abin da Mariama Ba ta yi da takabar kanta. Mutane da yawa, musamman masu karanta littafin daga waje, kulle suke gani: mace a ɗaki, ba ado, ba fita. Marubuciyar ta ga wani abu daban. Uwar 'ya'ya 12, malamar aji, matar babban mutum mai gidan da dangin miji ke shiga su fita yadda suka ga dama, yaushe ta taɓa samun wata huɗu nata na kanta? Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya taƙaita makokin kowa a kwana 3, ya ware wa matar mamaci wata 4 da kwana 10. Wannan tazara, idan mutane suka bar ta yadda take, fili ce da babu mai iko ya nemi komai a wurin mace. A cikinta Ramatulaye ta zauna ta bi rayuwarta daki-daki, ta auna, ta rubuta. Ba don takaba ba, da babu wasiƙar. Ita kanta marubuciyar ta san rashi tun tana ƙarama, mahaifiyarta ta rasu kakanni suka rene ta, ta yi makarantar horon malamai mata ta Rufisk, ta yi shekaru tana koyarwa, ta haifi 'ya'ya 9, kuma sai da ta kai shekara 50 littafinta na farko ya fito. Ta san tsadar ɗaki mai shiru.

Labarin Dauda Jeng, likita kuma ɗan majalisa wanda ya so ta tun tana budurwa, ya dawo da mutunci yana neman aurenta, zan wuce shi da sauri. Ta ƙi, saboda girmamawa take ji ba so ba, kuma saboda yana da mata da 'ya'ya, ba za ta shayar da wata abin da aka shayar da ita ba. Farmata ta kusa haukacewa don takaici. Hirarsu kan mata 4 kacal cikin 'yan majalisa 100 tana da amfani ga mai son tarihin Senegal bayan 'yancin kan 1960, amma a nan muryar marubuciya ta fara rufe ta mai takaba, kamar an bar ɗaki an hau mumbari. Haka ma babukan ƙarshe kan tarbiyya, 'yan mata uku da ta kama suna shan taba, 'yarta da ta yi ciki tana makaranta. Wurin cikin yana da kyau ƙwarai, domin ta rungumi yarinyar a lokacin da Farmata ke jiran ta ga duka da kora. Sauran kuwa nasiha ce ta malamar makaranta, mai kyau, amma an san ta.

Wanda ya zo mata a shekarun rataya mutum ɗaya ne, kuma daga ƙetaren teku. Da Aisatu ta ji ƙawarta da 'ya'yanta na gwagwarmayar motar haya, ta biya kuɗin mota ƙirar Fiat 125 ta ce ta je ta zaɓi launi. Ramatulaye ta koyi tuƙi da tsoro a ranta, ta karɓi lasisi. Muna cewa zumunta a ƙafa take, amma a nan duk masu ƙafar suna unguwa ɗaya da ita ba su tako ba. Aisatu ta gane abin ne saboda an taɓa yi mata: 'yar maƙerin zinariya ce, uwar mijinta jinin sarauta ba ta taɓa yafe mata asalinta ba, ta ɗauko 'yar ɗan'uwanta ta rena da hannunta ta ba Maudo. Aisatu ta bar masa takarda, ta tafi da 'ya'yanta maza 4, ta koma karatu. Ɗaya ta fita, ɗaya ta zauna, kuma babu wadda ta taɓa ce wa 'yar'uwarta kin yi kuskure. Musun da muka yi ta yi a aji, su biyun ba su taɓa yin sa ba.

Inda nake da ƙorafi na gaske a kan littafin shi ne Binetu. Ramatulaye ta yi mata adalci gwargwado, ta kira ta abin yanka da aka miƙa saboda kwaɗayin uwa, yarinya mai ƙoƙari da aka cire daga aji ana dab da jarabawa. Amma ba mu taɓa jin muryarta ba. Uwarta kuwa, matar da talauci ya gasa, wadda ta ga famfon ruwan zafi da nama a tukunya ta kasa ja da baya, an zana ta da ƙyama irin ta mai albashi ga wanda bai taɓa samu ba. Bayan rabon gado Daba da mijinta suka karɓe gidan da Modu ya saka su, tsohuwar na kuka tana roƙo, Daba ta ƙi saurara. Muna yara mun ji daɗin wannan wuri. Yanzu da na sake karantawa, abin da na gani shi ne yarinya mai 'ya'ya 3, ba miji, ba takardar makaranta, ba gida, ba ƙawa, domin ƙawar tata ita ce ta fitar da ita. Ita ma wata 4 da kwana 10 ta yi. Littafin da ya koya mini in nemi rashin da ba a yi wa zaman makoki ba, shi da kansa ya bar ɗaya a bayan ƙofa.

A darare na gaba gwaggo ta ga ina ta juya shafi, ta ce in gaya mata abin da ke ciki. Na riƙa karantawa ina mayar mata da Hausa, babi ɗaya ko biyu bayan isha'i. Ba ta cika magana ba. Wurin kuɗin gaisuwa ta ce, "Haka ne." Wurin Tamsir ta ajiye carbi ta ce, "Ranar arba'in? A gaban liman?" ta girgiza kai. Da muka kai ƙarshe, inda Ramatulaye ke jiran saukar Aisatu washegari, tana cewa za ta shimfiɗa mata tabarma su ci abinci da hannu kamar da, na rufe littafin na ce ya ƙare.

Ta yi shiru har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "'Yar nan, ita yarinyar fa, amaryar. Da ta koma can gidan bayan kwana uku, wa ya riƙa kwana da ita?"

Na sake buɗe littafin na duba. Na ce, "Gwaggo, ba a faɗa ba."

Ta ce, "Allah sarki." Ta ja carbinta.